Ka ci bak, yanzu sai me? Jagorar shekarar farko a jami'a ga ƙannena na Garwa, Marwa da Ngaundere

Tun ranar da sakamakon bak, jarabawar gama sakandare, ya fito wayata bata huta ba, ƙannena na unguwa da 'ya'yan kawunnai kowa da tambayarsa, Yaya wane fanni zan zaɓa, Yaya nawa ne kuɗin rajista, Yaya wai da gaske ne Dang akwai sanyi haka? Naga in nace zan bi kowa ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp ba ranar gamawa, shi yasa na zauna na rubuta komai wuri ɗaya, wanda ya samu ya tura ma na kusa dashi. Ni a Dang, wato jami'ar Ngaundere, nayi lisansi ɗina, digirin farko kenan, don haka yawancin misalaina daga can ne, amma wanda zai tafi Marwa ko wanda zai zauna nan Garwa kusan duk abu ɗaya zai tarar.

Kafin mu shiga maganar takardu bari in faɗa maka abinda ya fi damuna. A lise, wato sakandare, kana da masu tsaronka ko baka so, sirbeyan mai kula da ladabin ɗalibai yana bakin ƙofa, ana kiran suna a aji, in baka zo ba a aika gida, Baba ya buga maka ƙofa da asuba, Inna ta san ko ka ci abinci ko baka ci ba. Ranar da motarka ta hau hanyar Ngaundere duk waɗannan mutanen ka barsu a baya lokaci guda, kuma kai shekararka 17 ko 18 ko 19, jikinka ya girma amma baka taɓa riƙe kanka ko na wata ɗaya ba. Kayi sati baka leƙa aji ba wallahi ba wanda zai tambaya. Duk abinda zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake tafiya, yadda zaka ɗauki aikin sirbeyan da na Baba da na Inna ka ɗora ma kanka tun watanni ukun farko, don wanda ya rasa watanni ukun nan da wuya shekarar ta dawo hannunsa.

Mataki na farko, zaɓen wuri da fanni

Yanzu a arewa muna da jami'o'in gwamnati uku. Ta Ngaundere ita ce babbar yaya, tun 1993 take a matsayin cikakkiyar jami'a, tana Dang kamar kilomita 15 daga cikin gari a kan hanyar Garwa. Ta Marwa an kafa ta 2008, ta Garwa kuma 2022. Hanyar shiga iri biyu ce. Akwai fakilte, wato tsangayoyi, da kake shiga da dosiye kawai, miƙa takardu ba jarabawa, in kana da bak ko GCE ta tsarin Ingilishi, irin su shari'a da siyasa, tattalin arziki, kimiyya, adabi da tarihi da labarin ƙasa. Akwai kuma manyan makarantu da sai ka ci konkur, wato jarabawar gasa ta shiga, kamar ENS ta Marwa mai horar da malamai, politeknik ta Marwa, ENSAI ta injiniyan masana'antun noma da abinci da IUT ta fasaha da makarantar likitancin dabbobi a Ngaundere, makarantar ma'adinai ta Meiganga, da karatun likita a Garwa.

Shawarata, ka rubuta konkur in kana so, amma kayi rajistar fakilte a lokaci guda, kar ka zauna jiran sakamakon konkur har a rufe rajista ka wayi gari shekara ta wuce ka a banza. Na ga yara da yawa sun yi haka. Sannan fanni, dan Allah kar ka zaɓa saboda abokinka can ya tafi, ko saboda ance wane ya karanta shari'a yanzu yana da mota. Ɗauko relebe ɗinka na bak, takardar makinka, ka duba da gaskiya, wane darasi ne kake ci ba tare da wahala ba, wanne ne kake zama da shi awa biyu baka gaji ba. In Baba yana da nasa ra'ayin kar kayi masa gardama a tsaye, ka samu kawu ko malaminka na lise da yake jin maganarsa ku je tare ku zauna.

Mataki na biyu, takardu

Nan ne mutane ke raina abu kuma nan ne ake kuka. Ka tanadi kwafin takardar haihuwa da aka buga ma hatimi, relebe na bak, na probatuwar, jarabawar da ka yi kafin bak, ma ka riƙe kusa, hotuna 4x4 da yawa, da katin ɗan ƙasa ko rasit ɗinsa in bai fito ba. Ka sayi jakar roba mai maɓalli ka zuba na asali a ciki, kar ka taɓa miƙa ma kowa na asali ya tafi dashi, kwafi ake bayarwa. Kowace takarda ka ɗauke ta hoto da waya ka tura ma kanka a imel.

Abu ɗaya da zaka duba yau ɗinnan kafin ka kwanta: rubutun sunanka. Mu nan sunayenmu kowane magatakarda yadda ya ga dama yake rubutawa, wani Aboubakar wani Aboubakary, wani Mohamadou wani Mahamadou, kuma ranar haihuwa ma takan sha bamban. Ka jera takardar haihuwa da relebe da katin ɗan ƙasa ka bi su harafi harafi. In akwai bambanci ka fara neman gyara tun yanzu, don abinda ka shigar a rajistar intanet shi zai bi ka har kan diflom ɗinka, kuma gyara bayan shekara uku wahala ce da bana yi ma kowa fatanta. In a sibar kafe za a cike maka, ka tsaya a kan mai bugawa ka karanta da idonka kafin ya tura. Ƙannenmu da ke zuwa daga Cadi ta Kusuri, ku ma takardunku na tafiya da na karatu su zama a cike kuma a jikinku, hanya doguwa ce kuma akwai shingaye.

Kuɗin rajista a fakilte na gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, ana iya biya kashi biyu, 25,000 sau biyu, sai ƙananan kuɗi na duba lafiya da makamantansu. Fannonin sana'a sun fi haka tsada. Ka biya ta hanyar da jami'a ta sanar da kanta kawai, da kitus, takardar biyan kuɗi mai sunanka da lambarka, kar ka ba wani “babban ɗalibi” da ya tare ka a bakin ƙofa yace zai taimaka maka ya saukaka layi. Rasit ɗin nan ka yi masa kwafi uku, za a nema ranar jarabawa.

Mataki na uku, ɗaki

Nan zan ɗan daɗe, saboda ɗakin da ka kama shi ne rabin karatunka. Ɗakunan jami'a basa isar kowa, yawancin ɗalibai a mini-site suke zama a Dang da Bini, jerin ɗakuna masu tsakar gida ɗaya. Kar ka biya ɗaki ta waya kana Garwa. Ka je da ƙafarka, kuma in da hali ka je tun kafin a koma karatu a watan Oktoba, don na kusa da makaranta su ake fara kwashewa.

Da ka shiga gidan, kafin ka kalli fenti, tambayi ruwa. Rijiya ce ko foraj, wato burtsatse, tana ƙafewa da rani ko a'a, kuma mazauna gidan zaka tambaya ba mai gida ba. Ka leƙa bayan gida, mutum nawa ke amfani da shi. Ka ɗaga kai ka kalli silin, in akwai tabon ruwa to rufin yana yoyo, kuma damunar Ngaundere doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba. Ka girgiza ƙofa da taga ka ga ƙarfinsu. Ka tambaya yadda ake raba kuɗin wuta, mita ɗaya ce ko kowa da tasa, don rigimar kuɗin wuta ita ce ta fi raba maƙwabta a mini-site. Sannan ka koma gidan da daddare wajen ƙarfe tara ka tsaya ka saurara, in akwai mashaya a bayan katanga da kiɗa har sha biyu, komai arhar ɗakin ka barshi. Duk kuɗin da ka bayar a rubuta a takarda, wata nawa ka biya, daga yaushe zuwa yaushe, mai gida ya sa hannu, kai ma ka sa.

Kayan da zaka zo dasu ba yawa: katifa, gidan sauro, bokiti biyu, risho ko ƙaramin gas, tukunya biyu, fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta, kwado mai kyau naka na kanka ba wanda ka tarar a ƙofar ba. Wanda zai je Dang ya sa bargo da rigar sanyi, Ngaundere a kan tudu take sama da mita 1,000, mu da muka saba da zafin Garwa sanyin Disamba da Janairu yana shiga mana har ƙashi, ni daren farko da sanyin ya sauka da darduma ta na ƙara lulluɓa a kan zani. Wanda zai je Marwa kuma akasin haka, ya nemi ɗaki mai taga biyu da randa ko tulu, don zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40.

Abokin ɗaki, in zaku haɗa, ku yi magana tun ranar farko a kan abu huɗu: kuɗin cefane, baƙi, lokacin kashe fitila, da wanke-wanke. Kunya ce ke hana mu faɗa, daga baya kuma kunyar ta koma gaba.

Mataki na huɗu, gane yadda karatun yake

Tsarin da ake bi sunansa LMD, lisansi shekara 3, mastar 2, dakta 3. Kowace shekara semesta biyu, kowane semesta kiredi 30, wato ma'aunin nauyin darussa, lisansi gaba ɗaya 180. Kowane darasi yana da nasa kiredin, kuma sai ka samu 10 cikin 20 kafin a ce ka ci shi. Makin kashi biyu ne, akwai CC, ƙananan gwaje-gwaje da ake yi ana cikin karatu, a yawancin fannoni yana ɗaukar kashi 30 cikin 100, sai babbar jarabawar ƙarshen semesta mai kashi 70. Wanda ya faɗi yana da ratrapaj, dama ta biyu.

CC ɗin nan shi yara ke wasa dashi, ni ma ya taɓa ni. A semesta na na farko aka sa bikin ɗan uwana a Garwa, na tafi na kwana biyar, ina can aka yi CC na darussa biyu da aka sanar kwana biyu kafin ranar, ban ma ji ba saboda ban shiga gurup ɗin ajinmu ba tukuna. Sifiri biyu. Na shiga babbar jarabawa da nakasu, ɗaya na tsallake da ƙyar ɗaya sai ratrapaj, lokacin da abokaina suka tafi hutu ni ina ɗaki ni kaɗai da kuɗin abinci da ya ƙare. Har yau in na tuna wayar da nayi da Baba ranar, da yace min “to ai kai ka zaɓa, mu bamu ce dole ka zo ba”, sai inji nauyi a ƙirjina, don gaskiya ya faɗa.

Don haka satin farko ka yi abu uku. Nemo delege, wakilin ɗaliban ajinku, ka karɓi lambarsa ya saka a gurup. Gano inda babiyar na sashenku yake, allon da ake manna sanarwa, ka mayar da shi wurin da kake bi kullum ko da ance komai yana waya. Sannan ka kwafi jadawalin sati ka manna a bangon ɗakinka.

Amfi, babban zauren lacca, wani abu ne daban. Ɗaruruwan mutane a ɗaki ɗaya, malam yana magana da makirfo da Faransanci mai gudu, ba zai tsaya ya maimaita don kai ba. Ka zo da wuri ka zauna a layukan gaba, na baya hira ake yi da kallon waya. Kar kace sai ka rubuta kowace kalma, ka kama kanun magana da misalai, da yamma ka zauna ka cike giɓin da polikop, takardun darasi da aka buga, ko littafin wani tun abin yana da ɗumi a kanka. TD kuma, zaman atisaye da malami, kar ka taɓa fashi, nan ne ake ƙananan rukuni, nan ake warware irin tambayoyin da ke fitowa a jarabawa, nan ne kuma zaka iya ɗaga hannu.

Maganar Faransanci, da yawanmu a gida Hausa muke yi, a kasuwa Fulatanci, Faransanci sai a aji, sai ka zo ka tarar da yaran Yawunde da Duwala suna zuba shi kamar ruwa ka ji ka ƙanƙance ka yi shiru. Kar ka yarda da wannan shirun. Iya surutu daban, iya rubuta amsa daban, na ga masu shiru daga ƙauyukanmu da suka fi kowa maki. Ka dinga karanta shafi biyu da ƙarfi kullum a ɗakinka, ka riƙe ƙaramin littafi na sabbin kalmomi, kuma ka shiga rukunin karatu na mutum uku zuwa biyar da ba duka 'yan garinku bane. Ka nemi tsofaffin tambayoyin shekarun baya wajen 'yan aji biyu, yawancinsu suna bayarwa da daɗin rai.

Mataki na biyar, kuɗin wata da ciki

Ranar da kuɗi suka shigo ta Orange Money ko MoMo ita ce rana mafi haɗari a wata. A ce an turo maka 30,000. Kafin ka sayi ko katin waya, fara da buhun abinci: shinkafa, garin masara, wake, gari, mai, busasshen kifi, kuka da kuɓewa busassa in Inna bata haɗo maka ba. Ware na fotokopi da na moto, wato babur ɗin haya. Ware wani abu ko 2,000 ne ka ɓoye shi don ranar zazzaɓi. Abinda ya rage shi ne naka. Ka koyi girki kafin ka taho, kai namiji ma, sati biyu a gindin murhu kusa da Inna ya isa ka iya tuwo da miya ɗaya da dafa-duka. Benye da wake da kunu da safe ba laifi, amma wanda ya mayar da cin waje abincinsa na kullum kuɗinsa baya kai ranar 15. Ruwan da baka yarda dashi ba ka tafasa, ka kwana cikin gidan sauro, in zazzaɓi ya kama ka je a gwada jini, ka bar sayen ƙwayoyi a tebur a bakin hanya.

Mataki na shida, kai kanka

Wannan shi ne wanda ba a rubuta shi a kowace sanarwa. Satuttukan farko kewar gida zata kama ka, wani har kuka yake yi a ɓoye bayan isha'i, ba rauni bane, kowa ya ji haka. A wannan lokacin ne duk wanda ya fara yi maka murmushi zaka manne masa, to ka yi a hankali. Ka gaisa da kowa amma ka ba kanka wata guda kana kallo kafin ka ce wane abokina ne. Kalli wanda yake tashi sallah, wanda yake zuwa aji, wanda in ya ranci 500 yake dawo da ita. Masallacin ɗalibai da ƙungiyar ɗalibai musulmi ta CAMSU da ƙungiyoyin 'yan gari wuri ne mai kyau na samun manya da zasu riƙe hannunka, 'yan uwanmu kirista suma suna da nasu.

Abu biyu na gani da idona suna cinye yara. Na farko tramol. Ba da sunan shaye-shaye yake zuwa ba, lokacin jarabawa ne wani zai ce maka sha ɗaya ka kwana kana karatu ba gajiya. Akwai yaron da muke gida ɗaya, mai ƙoƙari ne sosai a lissafi, haka ya fara, kafin ƙarshen shekara ta biyu hannunsa na rawa, wata rana ya faɗi yana karkarwa a tsakar gida muka ɗauke shi a moto zuwa asibiti, daga nan yayansa ya zo ya kwashe kayansa. Bai dawo ba. Na biyu cacar ƙwallo a waya, ana farawa da 200, a ci sau ɗaya, daga nan kuɗin rajista kashi na biyu ya tafi, sai ƙarya ga iyaye ta biyo baya. In ka riga ka fara ɗaya daga cikinsu, ka faɗa ma wani babba da ka yarda dashi yau, tun abin yana ƙarami.

Soyayya kuma ba zan ce maka zuciyarka ba zata motsa ba, shekarunta ne. Amma ka sani yarinyar nan ita ma amanar wasu ce aka turo karatu kamar kai, kar ka zama sanadin komawarta gida da abin kunya, kuma kar ka yi alkawarin aure da kuɗin da Baba ke turo maka na shinkafa.

Ƙannena mata, ku naku nauyin ya fi. Da yawanku sai da aka yi zama da rarrashi kafin aka barku ku taho, wasu dangin suna jira ne kawai su ce ai mun faɗa. Ki zauna da 'yar uwa mace a gida mai ƙofa da ake kullewa, ki samu mai moto ɗaya ko biyu da kika sani ki riƙe lambarsu, kar ki dawo ke kaɗai da dare daga karatu. Masu manyan motoci da ke zagaye unguwar ɗalibai da yamma ba taimako suka kawo ba. In wani malami ko ma'aikaci ya fara kiranki ofis ke kaɗai ko yana haɗa makinki da wata buƙata, kar ki goge saƙonninsa, kar ki je ke kaɗai, ki faɗa ma babbar ɗaliba ko malama mace da wani a gida, laifin nasa ne ba naki ba, kuma shirunki shi yake nema.

Ka sa ma kanka rana ɗaya a sati ta kiran gida, ba sai kuɗi sun ƙare ba. Inna tana gane bambancin.

Mataki na ƙarshe, jarabawa da sakamako

Sati uku kafin jarabawa ka raba darussa a kan kwanaki, masu kiredi da yawa su samu kaso mafi girma. Daren jarabawa ka yi barci. Ka je da katin ɗalibi ko rasit da katin ɗan ƙasa da biro biyu, ka rubuta lambarka daidai a kowace takarda, kuma ka sa hannu a takardar halarta kafin ka fita, ita ce shaidarka in makinka ya ɓace. Satar amsa kar ka kusance ta, wanda aka kama yana gurfana gaban kwamitin ladabtarwa kuma ana iya hana shi jarabawa ko a kore shi.

In an manna sakamako ka je da kanka ka duba kowane darasi, CC da jarabawa, ka ɗauki hoto. In ka ga ba maki a inda ka san ka rubuta, ko an sa maka sifiri bisa kuskure, akwai takardar koke da ake cewa rekat, kwanakin karɓarta kaɗan ne, ka rubuta ta a ranar ka haɗa da kwafin rasit ɗinka ka kai sashenku ka riƙe kwafi ɗaya. Kar ka sayi tikitin motar gida sai ka tabbatar ko kana da ratrapaj da kuma ranar da za a yi shi, sannan kafin ka kulle ɗaki ka yi magana da mai gida a kan watannin hutu, ka ɗauke takardunka na asali ka tafi dasu.